Rufin Kwano Marar Huda

Kowane ɗaki da irin rufinsa. Wani na ciyawa ne, wani na ƙasa da azara, wani kuwa na kwano. Amma aikinsu duka ɗaya ne, watau su tsare mutum da kayansa daga rana da iska da ruwan sama. In rufi ya kasa yin wannan, to, kome kyaun ginin da ke ƙarƙashinsa ya zama aikin banza. Bango ya jiƙe, hatsi ya ruɓe, tufafi su yi fumfuna, littattafai su lalace, masu gida kuma su kwana a zaune suna tara kwanoni da tasoshi.

Duk yaron da ya taɓa kwana a tsohon ɗakin kwano da damina ya san inda yoyo yakan fara. Ba safai yake farawa a tsakiyar falle ba, sai dai a wurin ƙusa. Ƙusar nan da aka kafa don ta riƙe rufin, ita ce ta huda shi, ta buɗe wa ruwa ƙofa. Saboda haka magina na waɗansu ƙasashe suka nemi dabarar da za su ɗaure kwano a kan gini ba tare da sun huda fuskarsa ba. Dabarar da suka samu ita ce kalmasa.

Abin da ke sa wurin ƙusa ya yi yoyo

Ƙarfe abu ne mai tauri, amma ba ya zama yadda yake kullum. In ya ji zafi sai ya ƙara tsawo, in ya huce sai ya koma. Wannan shi ne dalilin ƙarar nan, ƙas, ƙas, da akan ji a rufin kwano da hantsi sa'ad da rana ta fara zafi, da kuma da almuru sa'ad da gari ya fara sanyi. Kwanon ne ke motsi.

Masana sun auna wannan motsi. Fallen baƙin ƙarfe mai tsawon mita 10, in zafinsa ya ƙaru da digiri 50, yakan ƙara tsawon milimita 6. In na alminiyum ne, watau goran ruwa, ƙarin yakan kusa milimita 12. Digiri 50 kuwa ba abin mamaki ba ne a kan rufi, gama kwanon da ya kwana da sanyi yakan yi zafin da hannu ba ya iya taɓa shi da tsakar rana.

Milimita 6 abu ne kaɗan, bai kai faɗin ɗan yatsa ba. Amma kwano yana yin tafiyar nan kowace rana, ya je ya komo, shekara da shekaru, ƙusa kuwa tana nan kafe a katako ba ta bin sa. Yau da gobe sai ramin ƙusa ya yi faɗi, robar da ke ƙarƙashin kanta ta bushe ta tsage, tsatsa ta kama bakin ramin. Daga nan ruwa ya sami hanya. In babbar iska ta taso kuma, sai ta fizge fallen daga kan ƙusoshin da suka yi sako-sako, ta yi gaba da shi.

Mece ce kalmasa?

Maɗinki in ya zo bakin riga ba ya barinsa haka nan. Yakan naɗe bakin ciki, ya sake naɗewa, sa'an nan ya bi da ɗinki. Wannan ita ce kalmasa. Haka ma masu rufi ke yi wa kwano, sai dai su ba su bukatar zare da allura, gama ƙarfe in an lanƙwasa shi ba ya komawa.

Ana iya gwada abin da takarda biyu a kan tebur. A lanƙwasa gefen ta fari ya miƙe tsaye kamar faɗin yatsa biyu, gefen ta biyu kuwa kamar faɗin yatsa uku. A gama gefen nan biyu su jingina da juna. Sai a ninke kan dogon a bisa gajeren, sa'an nan a sake ninke su tare. In an ja takardun za a ga sun riƙe juna, ba kuwa manni, ba ɗinki.

Haka rufin nan yake. Fallayensa dogaye ne, kowane ɗaya yakan taso tun daga ƙololuwar rufi har bakinsa na ƙasa ba gami. Faɗin falle yakan kama daga santimita 30 zuwa 60. Gefensa biyu a tsaye suke, ɗaya gajere, ɗaya dogo mai ɗan lanƙwasa a kai. In an gama su an kalmashe, sai a ga wani siririn doro ya miƙe daga sama har ƙasa, tsayinsa daga santimita 2 da rabi zuwa 7 da rabi. Ruwa yana gudu a tsakanin doro da doro kamar a kwarin kunya, magamin kuwa yana can bisa inda ruwa ba ya kaiwa. Don haka ake kiranta tsayayyar kalmasa.

To, me ke riƙe fallen a jikin gini? Waɗansu ƙananan ƙarafa ne masu kama da ƙugiya, ana iya ce musu mariƙai. Kan mariƙi yana maƙale da gajeren gefen falle, gindinsa kuwa ana ɗaure shi a katako ko a ƙarfen da ke ƙarƙashi da ƙusa mai murɗi. In an ɗora falle na gaba sai ya rufe mariƙin da ƙusarsa duka, a kalmashe kan mariƙin tare da kwanon. Ashe akwai ƙusoshi, amma a ɓoye suke, ba wadda ta ratsa fuskar kwano.

Mariƙai iri biyu ne. Akwai kafaffu, waɗanda ke tsai da falle a wuri guda don kada ya zame ya gangaro. Akwai kuma masu zamiya, waɗanda kansu ke iya matsawa sama da ƙasa a cikin gindinsu. Su ne ke barin kwano ya miƙe da rana, ya koma da dare, ba abin da ya tsage.

Inda dabarar ta fito

Kalmasar rufi tsohuwar sana'a ce a Turai. Tun da daɗewa maƙeran can suke rufe manyan gine-gine da fallayen jan ƙarfe, suna lanƙwasa gefensu da guduma ta itace da awartaki. Aiki ne mai cin lokaci, sai sarakuna da masu dukiya ke iya biyansa.

Kwano mai tudu da kwari, irin wanda aka saba gani ana kafa wa ƙusa, daga baya ya zo. Wani Bature mai suna Henry Palmer ne ya yi rajistar dabararsa a Landan a 1829. A 1837 kuma wani mai suna Sorel ya yi rajistar hanyar shafe baƙin ƙarfe da tutiya a Faransa, don kada ya yi tsatsa da wuri. Wannan kwano ya bazu a duniya domin yana da araha, kuma kowane kafinta yana iya kafa shi.

Duk da haka sana'ar lanƙwasa ƙarfe ba ta mutu ba. Daga 1853, sa'ad da aka ɗora wa Haussmann aikin sāke fasalin birnin Paris, aka rufe dubban gidaje da fallayen tutiya, har yau kuwa yawancin rufin birnin na tutiya ne. A 2024 hukumar UNESCO ta sa gwanintar masu rufin nan na Paris cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana.

Abin da ya sauƙaƙa aikin shi ne inji. A 1969 kamfanin Butler na Amurka ya fito da wani irin rufi wanda inji mai aiki da lantarki ke kalmashewa a kan ginin. Yanzu akwai irin waɗannan injuna da yawa, da su ake rufe manyan ɗakunan ajiya, da makarantu, da filayen jirgin sama, da gidajen zama. Har akwai wani injin dabam da akan kawo wurin gini, a sa masa ƙarfe a nannaɗe kamar tabarma, shi kuwa ya riƙa fito da fallaye daidai tsawon da ake so.

Shirin aiki

Hausawa sun ce, tun ran gini ran zane. Babban aikin rufin nan ana yinsa ne tun ba a ɗauko inji ba.

Da fari shugaban ma'aikata yakan hau ya duba katakon rufi, ya tabbata ya miƙe, ba tudu ba kwari. Sa'an nan ya auna kusurwa. Yakan auna mita 3 a bakin rufi na ƙasa, ya yi alama, ya auna mita 4 zuwa sama, ya yi alama. In tsakanin alamun nan biyu ya zama mita 5 cif, to, kusurwa ta yi daidai. Sai ya ja igiya daga ƙololuwa zuwa ƙasa, ita ce falle na fari zai bi.

In rufin na shimfiɗaɗɗen katako ne, sai a fara shimfiɗa masa wani abu mai kama da leda mai kauri, don ya tare raɓar da ke taruwa a ƙarƙashin ƙarfe. Bayan wannan a kafa siririn kwano a bakin rufi na ƙasa, wanda ƙarshen fallaye zai maƙale a jikinsa.

Sai a hau da falle na fari. Mutum ɗaya ba ya ɗaukarsa, gama dogo ne, in ya karye a tsakiya ya lalace ke nan. A kan gefensa ake ɗaukarsa, ba a kwance ba. A daidaita shi da igiya, a lanƙwasa ƙarshensa ya kama bakin rufi, sa'an nan a jera mariƙai a gajeren gefensa. Tazarar da ke tsakaninsu takan zama santimita 30 zuwa 60 a kan katako. A kusurwoyi da gefen rufi akan matso da su kusa da juna, domin nan ne iska ta fi ƙarfin ɗaga kwano.

Daga nan a kawo falle na biyu, a ɗora dogon gefensa bisa gajeren gefen na fari, a danna har ya zauna sosai tun daga sama har ƙasa. A sa masa nasa mariƙai, a kawo na uku. In gangarar rufin ba ta da yawa, akan zizara wani irin danƙo a cikin magamin kafin a rufe, don ko ruwa ya taru kada ya shiga.

Mai hankali yakan riƙa aunawa bayan kowane falle uku ko huɗu. Ga dalili. A ce faɗin rufi mita 20 ne, faɗin falle kuma santimita 40, watau fallaye 50 ke nan. In kowane falle ya kauce da milimita 2 kurum a ƙarshensa na sama, ido ba zai gani ba. Amma kafin a kai na ƙarshe kuskuren ya zama santimita 10, falle na 50 ya karkace, ya ƙi zama. Gyaransa kuwa sai an kwance aikin kwana da kwanaki.

Injin kalmasa

Injin nan ba babba ba ne, mutum ɗaya ko biyu suna iya ɗaukarsa. A ƙarƙashinsa akwai waɗansu ƙananan tayoyin ƙarfe, an jera su biyu biyu suna fuskantar juna. Doron kwano yana bi ta tsakaninsu. Na gaba su fara tanƙwara bakin kaɗan, na bayansu su ƙara, na ƙarshe su matse shi gam. Tayoyin nan su ne kuma ke jan injin gaba, saboda haka da kansa yake tafiya a kan doron, kamar jirgin ƙasa a kan dogo.

Amma inji ba ya iya fara kalmasa da kansa. Sai ma'aikaci ya ɗauki wani babban awartaki mai faɗin baki, ya kalmashe kamar taƙi ɗaya da hannu a farkon doron. Yakan kuma matse wurin kowane mariƙi, don kada falle ya ɗaga sa'ad da injin ke wucewa. Sa'an nan ya ɗora injin a wurin da ya kalmashe, ya danna hannun da ke kulle tayoyin, ya kunna.

Ba a sakinsa ya tafi haka nan. In ya yi kamar kamu ɗaya sai a tsai da shi a duba. Kalmasar ta matsu? Fenti bai kuje ba? Bakin kwano bai leƙo waje ba? In an ga aibi, sai a nemi dalili tukuna. Wata sa'a falle ne bai zauna ba, wata sa'a tayoyin ne suka yi datti, wata sa'a kuwa injin ne ba na wannan irin kwano ba, gama kowane irin falle da injin da aka yi dominsa. In duka lafiya, sai a sake kunnawa, mutum ɗaya yana biye da shi yana janye wayar lantarki daga gabansa, wani kuma yana jira a ƙarshe. Kafin ya kai baki ake kashe shi, a ƙarasa sauran da awartaki. In aka yi sakaci sai ya zarce ya faɗo ƙasa, ya lalace, ko ya ji wa wani ciwo.

Kalmasa iri biyu ce. Akwai mai ninki ɗaya, wadda kanta ke tsayawa a gicciye kamar kan sanda. Ta isa ga rufi mai gangara sosai, inda ruwa ba ya daɗewa. Akwai kuma mai ninki biyu, wadda ake sake naɗe kan har ya kwanta a jikin doron. Ita ta fi ƙarfi, ita ake yi wa rufin da ya kusa zama shimfiɗe, da na ƙasashe masu guguwa ko masu ƙanƙara mai taruwa a kan gidaje. Wani inji yakan yi ninki biyun a tafiya ɗaya, wani kuwa sai ya bi sau biyu.

Akwai wata doka da masu wannan sana'a ba su karyawa: ba a tashi daga aiki a bar falle ba a kalmashe ba. Fallen da aka ɗora kurum bai riƙe kome ba tukuna. In hadari ya taso da dare, iska na iya shiga ƙarƙashinsa ta kwashe aikin yini guda, ta watsa shi a gidajen maƙwabta.

In fallaye sun ƙare, sai a koma ƙololuwa. A lanƙwasa ƙarshen kowane falle ya dubi sama, don kada iska ta koro ruwa ciki, sa'an nan a kifa wani dogon kwano ya rufe ƙololuwar kamar hula. Daga ƙarshe a share rufin sarai. Ko ɗan garin ƙarfe aka bari, raɓa za ta sa ya yi tsatsa ya ɓata fenti. Don haka ne ma ake yanka kwanon da almakashin ƙarfe, ba da dutsen inji mai tartsatsi ba, gama zafinsa yana ƙone abin da aka shafa wa ƙarfen don tsaron tsatsa. Ba a kuma gama jan ƙarfe da tutiya ko alminiyum a rufi ɗaya, domin in ruwa ya ratsa su, jan ƙarfen yakan sa ɗayan ya ci.

Tsaron rai

Rufi wuri ne mai hatsari ƙwarai a aikin gini. Kwano yana da santsi, balle in ya sha raɓa. Saboda haka ba a hawansa da sassafe sai ya bushe, ba a kuwa hawansa in ana iska, gama falle a hannu kamar filafilan jirgin ruwa yake, iska na iya tafiya da shi da mai riƙe da shi. Kowane ma'aikaci yakan yi ɗamara mai ƙarfi, a ɗaura mata igiya a wani kafaffen wuri a bisa, don ko ƙafarsa ta zame kada ya kai ƙasa. Yakan sa safar hannu domin bakin kwano kaifi gare shi kamar aska, ya sa takalmi mai taushin ƙasa, ya kuma taka tsakiyar falle, ba kan doro ba. In akwai wayar lantarki kusa da ginin, sai an yi hattara ƙwarai kada dogon falle ya taɓa ta.

Ribar aikin

Kome na duniya da amfaninsa da wahalarsa. Rufin nan ya fi kwano mai ƙusa tsada, ba kowane kafinta ne ya iya shi ba, in kuma falle ɗaya ya lalace sai an warware kalmasarsa a hankali kafin a sāke shi. Amma in an yi shi da kyau yakan yi shekaru masu yawa ba yoyo, na jan ƙarfe har yakan wuce shekara 100. A zamanin nan kuma ya sami wani sabon amfani. Masu kafa farantan samun lantarki daga hasken rana sukan damƙe su a kan doron da wani irin maɗauri, ba su huda ko'ina ba.

Wanda ya tsaya a ƙasa yana kallo, injin ne zai ba shi sha'awa, gama cikin 'yan mintoci yake gama doron da mai guduma zai daɗe yana fama da shi. Amma inji ba ya gyara karkatacce. Abin da ya tarar shi yake kullewa, ko daidai ko kuskure. Kyaun rufi yana wurin wanda ya ja igiya ta miƙe, ya jera mariƙan da ba mai ganinsu, ya ƙi sauka sai ya gama doron ƙarshe. Masu gida ba za su ga wannan aiki nasa ba, amma za su san da shi ran da aka kwana ana ruwa, su kuwa suna barci, ɗaki a bushe.

Tambayoyi

1. A wane wuri yoyo yakan fara a rufin kwano? Don me?
2. Fallen baƙin ƙarfe mai tsawon mita 10 yakan ƙaru da milimita 6 in zafinsa ya ƙaru da digiri 50. Nawa mai tsawon mita 20 zai ƙaru?
3. Mene ne bambancin kafaffen mariƙi da mai zamiya?
4. Yaya ake gane kusurwar rufi ta yi daidai?
5. Me ya sa ba a barin falle ya kwana ba a kalmashe ba?
6. A faɗi abubuwa uku da ma'aikaci ke yi don tsaron ransa a kan rufi.
7. Mece ce ma'anar karin maganar nan, tun ran gini ran zane?